Gurasar da Auta Ya Ɓoye

Ranar da Auta ya dawo unguwar Nima ta Akra daga Italiya, a ƙarshen shekarar 2022, lungun gidansu bai ɗauki jama'a ba. Shekara tara rabonsa da gida. Tasi ta ajiye shi a bakin babban titi, domin mota ba ta shiga lungun, yara kuwa suka yi ca a kan akwatunansa biyu suna ihu, "Boga ya dawo! Boga ya dawo!" Haka ake kiran wanda ya dawo daga Turai a ƙasar Gana. Mma ta bar tukunyar kokonta a hannun wata maƙwabciya, ta taho da gudu zani na kwancewa, ta rungume ɗanta tana kuka.

Mma ta haura shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai a bakin lungun nan, ba nisa da kasuwar Nima. Da wannan tukunya ta yi wa 'ya'yanta mata aure, da ita ta biya kuɗin makarantar jikanta, wanda ake ce wa Abba saboda sunan kakansa ya ci. Ita dai ba ta kiransa da komai sai Maigidana.

Kwana uku ana shigowa sannu da zuwa, kowa ya zo sai ya saci kallon akwatunan. Auta ya raba turare da riguna da agogunan hannu. Da dare ya zauna a majalisar samari, inda ake dafa ataya har tsakar dare, aka tambaye shi aikin da yake yi a can. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Manaja ne ni a wani kamfanin abinci a Jenowa." Ya ciro waya ya nuna musu hotonsa jingine da wata jar mota. Ba wanda ya tambayi mai motar.

Gaskiyar labarin daban take. A 2013 ya bar Akra a mota, ya bi ta Wagadugu da Yamai har Agadas, daga nan aka loda su a bayan akori-kura zuwa Dirku, aka ƙetara da su Sabha a Libiya. Ya yi leburanci a Turabulus har ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya sauka a tsibirin Lampedusa 'yan makonni bayan hatsarin ranar 3 ga Oktoba na shekarar, wanda ya ci mutum fiye da 360. Da ya fita daga sansani, sai gonaki: da sanyi tsinkar lemo a Rosarno, da zafi tsinkar tumatir a yankin Foja, ana biya da yawan kwandon da mutum ya cika, ana kwana a bukkokin leda da kwali. A ƙarshe ya gangara Jenowa, birnin tashar jiragen ruwa, inda wani tsoho mai gidan burodi a cikin lungunan tsohon gari ya ɗauke shi wankin faranti. Shekara shida yana tashi ƙarfe biyun dare. Daga wanki ya koma awo, daga awo ya koma kwaɓi, har tsohon ya sakar masa tanda. Da korona ta wuce, kuɗin gas da wuta suka yi tashin gwauron zabo a 2022, tsohon ya rufe shagon. Abin da Auta ya tara, bashi da tikiti da tsaraba suka cinye. A can ƙasan akwati na biyu, ƙarƙashin tufafi, akwai ƙaramin ma'auni da farantan gashi guda biyu da tsohon ya ba shi. Bai nuna wa kowa su ba.

Ni dai ban ɗora wa Auta laifin nan shi kaɗai ba. Unguwar da ke tarar ɗanta da tambayar me ya kawo, ba ta taɓa tambayarsa me ya koya ba, tana da nata kason. Amma shi ya buɗe baki ya faɗa, kuma akwai kunnen da maganar ta shiga ta zauna.

Kunnen Abba ne. Yaron shekararsa goma sha bakwai, yana koyon ɗinki a wani shago a Mamobi. Tun daren nan ɗinki ya fita daga ransa. Ya riƙa fashin zuwa, ya sayar da wayarsa, ya fara raɓar wani mutum da aka ce yana haɗa wa samari hanya. Lokacin kuma rayuwa ta yi tsanani a Gana: darajar sidi ta zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba na 2022, kwanon geron da Mma ke saye ya ninka. Duk saurayin da ya dubi aljihunsa, sai ya dubi arewa.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, cikin watan Maris na 2023, jiri ya kayar da Mma a gaban murhu. Aka kai ta asibitin Mamobi, likita ya ce hawan jini ne, ta nisanci wuta da tsayuwa. Tukunyar koko ta kife. Gida ya juyo yana duban Boga, shi kuwa agogon hannunsa ma ya riga ya sayar a ɓoye. A makon ne kuma uwar Abba, yayar Auta, ta ɗaga katifar ɗanta ta tarar da jakar goyo a shirye, ta duba gwangwanin da Mma ke tara kuɗin adashe ta tarar da shi wayam.

Da dare Mma ta sa aka kira mata Auta. Ta ce ya rufe ƙofa.

"Naɗe hannun rigarka."

"Mma, lafiya?"

"Naɗe, na ce."

Ya naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk layi-layi ne na tsohuwar ƙuna, wasu sun dushe, wasu na nan baƙi ƙirin.

Ta ce, "Tun ranar da ka dawo na gan su kana alwala. Ni da na tsufa a gaban wuta, ai ba a ɓoye mini tabon wuta. Wannan bakin tanda ne. Manaja ba ya ƙonewa a nan. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da kanka, ga shi shirun nawa zai kai mini jika cikin hamada."

Auta ya sunkuyar da kai, ya kwashe komai ya faɗa mata, har da abokin tafiyarsa da ƙishirwa ta kashe tsakanin Dirku da Sabha, suka tona yashi da hannu suka rufe shi. Mma ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ba ni ce mai buƙatar labarin nan ba. Je ka faɗa wa Maigidana."

Ya je ya faɗa. Abba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kawu, kai ka je ka samo, ni kuma sai ka tsorata ni? In babu komai a can, ina ka samu motar?"

"Ba tawa ba ce. A bakin titi na gan ta."

"Yanzu kake faɗin haka, don Mma ta sa ka."

Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, gaskiyarsa ma sai ta nemi shaida. Auta ya koma wa Mma jiki a sanyaye. Ta ce, "Bakinka ya riga ya ɓata. Saura hannunka. Nuna masa."

Ƙarfe biyun dare ya tashe yaron. Ya ciro ma'auni da farantan, ya auna fulawa rabin kilo, ya fasa ledar ruwa ɗaya, wadda rabin lita ce, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu ya zuba sauran, ya sa gishiri ƙaramin cokali biyu, da yis, da ɗan man zaitun da ya ƙarar da sauran kuɗinsa ya sayo a wani babban kanti a Osu. Abba na tsaye yana hamma, amma idonsa na kan hannun kawunsa, domin hannun na tafiya cikin ƙullun ba tare da mai shi ya duba ba. Ba a koyon wannan a ofis.

"Sunanta fokaca," in ji Auta. "Mutanen Jenowa da ita suke karya kumallo, har cikin kofi mai madara suke tsoma ta. Ba a murza ta kamar burodinmu. Ƙullun ruwa-ruwa ne, ka jiƙa hannu ka ɗago gefe ka ninka, ka juya kwano ka sake, sai ka rufe ka bar shi ya huta rabin awa. Sau uku. Lokaci ne ke yin aikin."

Ya rufe ya ba ƙullun awannin da ya saba ba shi a Jenowa. Da suka buɗe bayan asuba, ya kumbura ya faɗa, yana warin tsami, tsakiyarsa ta lotsa. Suka gasa a babbar tukunya mai yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, abin ya fito a daskare. Auta ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Shekara shida bai ɓata kwaɓi ba, sai yau a gaban yaron da yake so ya gamsar.

Mma ta ce a kawo mata ta gani. Ta gutsura, ta shinshina, ta ce, "Ya wuce lokacinsa. Can garin naku da sanyi, ko?"

"Da sanyi, Mma. Wani lokaci sai da rigar ulu ake kwaɓi."

"To nan Akra ce, kuma watan zafi. Gasarar kokona da sanyi kwana take kafin ta yi tsamin da nake so, da zafi kuwa in na bar ta haka sai dai a zubar. Rage yis ɗinka rabi. Ka kwaɓa da ruwan sanyi. Kuma ka daina duban agogo, dubi ƙullun. In ya ninka, ka danna da yatsa ya dawo a hankali, ya isa."

Daga nan ta tambayi kuɗin man zaitun. Da ta ji, ta yi salati. Ta tambayi ɗan ganyen da ya barbaɗa a kai, ya ce rosmari ne, shi ma daga kantin. Sai ta aiki Abba kasuwa, ranar kuwa Laraba ce, ranar da kasuwar Nima ke ci: ya sayo man gyaɗa na gargajiya daga wurin matan da ke kawowa daga arewa, da gishirin Ada mai tsakuwa, ya tsinko ɗaɗɗoya a bayan gida, sannan ya biya wurin mai sayar da lemo a bakin tasha. Masu lemo a Akra sukan feƙe koren ɓawon da wuƙa siriri-siriri, su bar farin, domin mai saye ya matsa ya tsotsa. Ɓawon nan a bola yake ƙarewa. Mma ta ce a roƙo mata shi, a wanke sosai.

Auta ya ɓata fuska. "Mma, ba haka ake yi a Jenowa ba. Tsohon nan da zai ga man gyaɗa a fokaca, da ya kore ni."

"Zaitun ɗin daga ina yake samu?"

"Ai a kan duwatsun bayan garin yake fitowa. Rosmari ma haka, kamar ciyawa."

"To ka gani. Shi da abin bayan gidansa ya yi. Kai ma yi da na bayan gidanka."

Bai sami amsa ba. Ya zauna ya yayyanka ɓawon ƙanana-ƙanana, yana cire duk inda fari ya biyo, domin farin ne ke kawo ɗaci. Rabi ya zuba cikin ƙullu, rabi ya jiƙa a cikin mai tare da ɗaɗɗoya, don ya san ganye mai laushi in aka ɗora shi tsirara a kan gurasa wuta ƙone shi take yi. Ruwan lemon bai sa ba. Tsami mai yawa yana kashe ƙarfin ƙullu. Ƙamshin ɓawon da ya tashi sai ya buɗe masa baki. Ya ba Abba labarin Rosarno ba tare da ya yi niyya ba: yadda yatsu ke tsagewa da sanyin asuba, yadda ake tsayawa a bakin hanya ana jiran motar ɗan kwangila ya zaɓi wanda ya ga dama, yadda tsofaffin ma'aikata ke ba su labarin rikicin watan Janairun 2010, lokacin da aka harbi 'yan Afirka masu tsinkar lemo, gari ya hargitse, aka kwashe su a motoci. Ya ce akwai shekarar da ko ƙamshin lemo ba ya son ji. Wannan karon Abba bai ce komai ba. Ya jawo wuƙa ya taya shi yanka.

Saura wuta. Tukunya ba ta ba da zafin da ake so, domin fokaca na son tanda mai zafi ƙwarai, wajen digiri 230, ta gasu cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, waje ya yi ƙamas, ciki ya zauna da laushi. A bayan lungun akwai wata Bafantiya mai gasa burodin sukari a tandar ƙasa, kowa Anti yake ce mata. Auta ya daɗe yana bi ta ƙofarta yana kau da kai, don kada ƙamshin ya tona shi. Ranar ya shiga da sallama, ya ce, "Anti, in kin kwashe garwashi, minti nawa kike jira kafin ki sa burodi?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Boga, me ya haɗa ka da tanda?"

Ya naɗe hannun riga ya nuna mata. Ta yi dariya, ta naɗe nata, iri ɗaya.

Burodin sukari ba ya jure zafin farko, ƙonewa yake yi, don haka kullum sai ta jira tandar ta ɗan huce. Wannan zafin da take bari ya tafi a banza shi ne daidai abin da Auta ke nema. Suka shirya a kan zai riƙa kawo nasa kason itace.

Ya shafe faranti da mai, ya juye ƙullun, ya baza shi da tafin hannu ba tare da ya fitar da iskar ba, ya bar shi ya sake tasowa. Sannan ya kama hannun Abba ya ce, "Buɗe yatsunka. Danna har ka ji ƙarfen faranti, amma kada ka huda." Yaron ya bi farantin yana lotsa ramuka. Auta ya kaɗa ruwa da mai da gishiri a kofi ya kwarara a kai, ruwan ya taru a ramukan. Ya ce wannan ne sirrin mutanen Jenowa: ramukan na riƙe danshi da gishiri, tudun kuma ya soyu. Da aka fito da farantin, Anti da kanta ta matso tana shaƙa.

Lokacin an riga an kama azumi, farantin farko kuwa ba a sayar ba. Mma ta ce a kai masallacin lungu sadakar buɗa-baki. A cikin masu shan ruwa akwai wani dattijo, Alhaji mai goro, wanda dokar korar baƙi ta gwamnatin Busiya ta kora da iyayensa zuwa Kano a 1969 yana saurayi, ya yi shekaru a can kafin ya dawo. Ya karɓi yanki, ya juya shi, ya ci, ya ce, "Ikon Allah! Wannan ai gurasa ce. Wa ya kawo tanderu Nima?" Aka ce daga Italiya aka koyo. Ya ce, "Ko daga ina ne, 'yar'uwar tamu ce. A Kano Larabawa suka kawo ta, mata na manna ta a jikin tanderu. A samo ƙuli-ƙuli da albasa da yaji a yi mana bandashe, ku ga yadda za ta tafi." Tun daga ranar ba wanda ya sake cewa fokaca a lungun. Gurasar Auta ake cewa.

Abu mafi wuya shi ne washegari. Hanyar zuwa bakin titi ta gaban majalisar samari ta bi, babu wata. Abba ya ce shi zai ɗauki farantin. Auta ya ce a'a. Ya sa riga mai gajeren hannu, ya ɗora faranti a kafaɗa, ya tsaya a gabansu ya yi sallama.

"Na gaya muku ni manaja ne. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini, ku ma ku yafe. Ga aikin da na yi shekara shida. Kafin shi lemo da tumatir na tsinka, a bukkar leda na kwana. Motar da kuka gani ban san mai ita ba. Duk wanda ke son jin yadda hanyar take, ya same ni a tandar Anti, zan faɗa masa ba ragi ba ƙari."

Wani ya tuntsire da dariya ya ce, "Boga mai talla!" Wasu suka taya shi. Kunya ta kama Abba har ya so ƙasa ta tsage. Amma wani daga gefe ya miƙo kuɗi ya ce a yanka masa, na kusa da shi ma ya miƙo. Kafin a kira magariba farantan biyu sun ƙare, masu abinci a bakin titi suna tambaya ko gobe za a ƙara, don ta dace da shayi da wake.

A goman ƙarshe na azumi, wata mata da ta fito daga babban masallacin ƙasa da ke Kanda ta tsaya da mota, ta ɗanɗana, ta ce ta taɓa cin irinta a Turai. Ta tambaya, "Da man zaitun kuka yi, ko?" Abba ya ga jakarta, ya buɗe baki zai ce e. Auta ya riga shi: "A'a, Hajiya, man gyaɗa ne, da ɓawon lemo da ɗaɗɗoya." Ta ɗan yi jim, ta sayi yanki biyu maimakon farantin da ta fara nunawa, ta tafi. Abba ya yi ta gunaguni har gida. Kawunsa ya ce masa kawai, "Na gaji da riƙon ƙarya. Nauyi gare ta."

Ba kowa maganar Auta ta tsayar ba. Bayan salla, biyu daga samarin majalisar suka kama hanyar Agadas, ɗaya ma shi ne wanda ya fara sayen gurasar. Abba kuwa ya je wurin mai haɗa hanya ya nemi kuɗinsa, ya yi ta sintiri, da ƙyar ya karɓo rabi. Ya kawo wa Mma ya durƙusa. Ta ƙirga, ta ce saura ya biya da guminsa. Ya koma shagon ɗinki da rana, da dare yana tanda, kuma bai ce ya fasa Turai har abada ba. Ya dai ce in zai je, da sana'a a hannu da takarda a aljihu zai je.

Da Mma ta sami sauƙi ta koma kan tukunyarta, aka ajiye farantin gurasa kusa da ƙosai. Wata safiya suna lissafin ciniki, Abba ya ce, "Kawu, sayen fulawa kilo-kilo yana cinye ribar. In muka sayi buhu guda wurin dillalan da ke ɗaukowa daga Tema, za mu rage kuɗi sosai. Kuma mu ƙera faranti biyu wurin maƙera, Anti ta ce tandar za ta ɗauki huɗu."

Auta ya dubi Mma.

Ta ce, "Maigidana, nawa ya rage a kuɗin adashena?"

Ya faɗa.

"To cika shi wannan makon. Buhu sai mako mai zuwa. Tashi ka je wurin mai lemo kafin ta zubar da ɓawon."